Laka Mai Shekara Ɗari

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na wanke wa wani Ba'amurke abin gado na gidansu a unguwar Ma'adi ta Alƙahira ba, kuma wallahi da kyakkyawar niyya na yi.

Abokina Bashir, wanda muke zaune ɗaki ɗaya a Alƙahira, shi ke koya wa wani Mista Alan Larabci. Da zai tafi Kano duba mahaifiyarsa, ya ce in riƙe masa wurin, don da wannan aikin yake tsayuwa da ƙafarsa a Masar. Har a bakin mota yana ja mini kunne: "Don Allah Malam, ka zauna wuri ɗaya. Kada ka taɓa musu komai." (Ya san hali. Ni ko a masallaci sai na gyara wa liman tabarma.)

Ranar na isa da wuri. Mai aikin gidan, Ummu Karim, ta ce maigida ya tafi filin jirgi ɗauko babansa, hanya ta cushe, in jira a falo. Na zauna, na miƙe, na leƙa taga, na dawo. Sai idona ya faɗa kan wata ƙwallo a kan kanta, an ɗage murfin gilashinta an ajiye gefe. Irin ta Amurkawa ce mai kama da gwanda, wadda suke runguma su ruga da ita. Fatar ta bushe ta tsattsage, ga busasshiyar laka ta kame gefe guda.

To ni jikan dukawa ne. A gidanmu barin fata ta bushe haka abin kunya ne. Na ce a raina, kai, mutanen nan da kuɗinsu amma ba su san darajar fata ba! Ga shi lokacin sanyi ne, da ɗan gwangwanin man kaɗanya a aljihuna saboda kaushi. Na zaro hankici, na kankare lakar nan tas, har da sa farce a bakin ɗinki. Na bi ta da mai, na murza, na murza, sai da ta yi sheƙi. Ina tsaye ina yaba aikina Ummu Karim ta shigo da shayi. Ta dafe ƙirji ta ce, "Ya lahwi!" Ashe ihun "na shiga uku" ne na Misirawa. Ni kuwa, shashasha, na ɗauka yabo ne, na ce mata, "Tamam ko? Ya yi kyau ko?"

Nan ƙofa ta buɗe. Mista Alan ya shigo riƙe da hannun wani tsoho mai sanda, yana ce masa, "Baba, zo ka gani, na fito maka da ita." Sai ya tsaya cak.

Cikin sanyin murya ya yi mini bayani, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Kakan tsohon nan ya buga wa jami'arsu wasa fiye da shekara ɗari da suka wuce, lokacin da ake karo da kai ba hular kwano. A wata shekara babu ƙungiyar da ta iya cin su, tun daga farko har ƙarshe. Wannan ce ƙwallon wasan ƙarshe, an buga shi cikin ruwan sama, kuma lakar nan ta filin ce. Filin ma yanzu an yi gini a kansa. Uba na miƙa wa ɗa, kowa na kaffa-kaffa da lakar, har ta ƙetaro teku ta zo Masar, ta gamu da ni.

Gumi ya keto mini duk da sanyin nan. Ba abin da nake gani sai fuskar Bashir. Na ce, "Ma'alish, a yi haƙuri, ranka ya daɗe. Laifina ne, Bashir bai san komai ba. Amma lakar ba ta tafi ko'ina ba." Na zaro hankicina, ya yi dumu-dumu da mai da ƙasa (da kuma abin da mura ta bari, Allah na tuba), na miƙa wa tsohon da hannu biyu.

Ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya ɗauki ƙwallon ya shinshina, ya juya ta. Can ya nuna wa ɗansa wani wuri da yatsa: haruffan sunan kakan ne, an karce su a jikin fatar, laka ta rufe su tun kafin a haife shi. Idonsa ya ciko. Na fara murmushi, na ce to, ashe ma taimako na yi. Ya ɗago ya harare ni ya ce, "Kada ka kuskura ka yi murna, yaro." Na haɗiye murmushin.

Ba a kori Bashir ba, alhamdu lillahi, amma sai da ya yi mako ba ya amsa sallamata. Shi ya gaya mini yanzu an sa wa gilashin kwaɗo, kuma hankicina na ciki a ninke kusa da ƙwallon. Duk baƙon da ya zo labari biyu ake ba shi: na shekarar da ba a ci su ba, da na ɗan Najeriyar da ya gama da su shi kaɗai da man kaɗanya.

Tun daga ranar, ko yanar gizo-gizo na gani a gidan mutane, sai na tambaya ko ta kakan wani ce.