Yadda Baba Ya Bar Ta

Akwai wani Alhaji Namadi a Funtuwa, mai sayar da siminti, wanda in ka zauna da shi minti goma sai ka sha labarin motar mahaifinsa. Wata ƙatuwar a-kori-kura ce ta zamanin da, mai ƙofa huɗu da tayoyi bibbiyu a baya, wadda marigayi Jatau Direba ya yi shekara talatin yana jigilar auduga da ita. Tun da ya rasu take kwance a bayan gida. Kaji sun mayar da kujerar direba wurin kwanci, kabewa ta shiga ta wannan taga ta fita ta waccan, har ta yi 'ya'ya a kan sitiyari.

Shi dai Alhaji Namadi ba ya ganin tsatsa, halin ubansa yake gani.

"Baba bai taɓa tafiya shi kaɗai ba," haka yake gaya wa 'yan majalisarsu kullum bayan la'asar. "Duk inda za shi, sai ya cika kujerar baya da mutum huɗu, kyauta. Har tuwo yake saya musu a hanya."

Su huɗu ne a majalisar ban da shi, kuma duk sun haddace wannan karatu. Alhaji Ɗahiru mai goro, wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya raɗa wa motar suna Akurki, sunan kuwa ya bi ta har cikin kasuwa. Abin ya ƙona wa Namadi rai ƙwarai. Wata rana da tsokanar ta kai shi wuya, ya miƙe ya rantse cewa sai ya kai su sallar Juma'a a cikinta, su huɗun, a kan kujerar da Baba yake ɗaukar mutane.

Washegari aka ja ta zuwa garejin Kawu Tanko, wani tsohon makaniki da ya fara rayuwa a matsayin karen motar marigayin. Sharaɗi ɗaya Namadi ya gindaya masa: a mayar da ita yadda Baba ya bar ta, ba ƙari, ba ragi.

Aikin ya ci wata takwas. Kayan gyaranta sun ƙare a duniya, don haka kusan komai ƙera shi aka yi. Ƙofar baya ta hagu mai walda ya yanko ta daga faranti, ya yi ta bugu har ta ɗauki kamannin 'yar'uwarta. Bodin an sake shi da katakon maɗaci. Fitila guda ɗaya sai da aka yi kwana uku ana tonon tarkace a kasuwar Panteka kafin a samo ta. Da Kawu Tanko ya ce a sa mata na'urar sanyaya ɗaki, Namadi ya ce Baba taga yake buɗewa. Da ya ce a gyara ƙahon don kukansa kamar na akuyar da aka taka, Namadi ya ce da wannan kukan suke gane Baba ya dawo. Har lotsawar da wani bijimi ya yi mata a gefe, wadda mai bugun jiki ya miƙe don kyautatawa, sai da Namadi ya sa aka ɗauko guduma aka mayar da ita.

Ana saura mako guda tsohon ya ja shi gefe.

"Namadi, saura magana ɗaya, ta wajen tayarwa."

"Kawu, abin nan yana jikinta a zamanin Baba?"

"Ba ya ciki."

"To kada in gan shi."

"Shi ke nan," in ji Kawu Tanko, ya ci gaba da goge hannunsa.

Namadi bai sake tunawa da zancen ba. Duk ranar da ya leƙo garejin yakan tarar da injin yana ruri, bai taɓa tambayar yadda aka yi ya tashi ba.

Ranar Juma'a motar ta sha fenti kore shar, tana walƙiya a tsakar gareji. 'Yan majalisa suka iso cikin manyan riguna na shadda, an sha guga, an sha turare. Babu ramamme a cikinsu, don haka da ƙyar ƙofar baya ta rufu. Alhaji Ɗahiru ya shafa kujera, ya duba rufi, ya rasa abin cewa, wannan shirun kuwa ya fi komai yi wa Namadi daɗi. Mutanen unguwa sun taru a bakin titi. Ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli.

Tsit.

Ya sake murɗawa. Ko tari motar ba ta yi ba. Ya taka wannan, ya ja wancan, gumi ya fara jiƙa masa wuyan riga. Daga nesa aka jiyo liman ya hau mumbari.

"Ko dai akwai sauran kaza a ciki ne?" in ji Alhaji Ɗahiru, bakinsa ya dawo.

Namadi ya leƙo ta taga, ransa a ɓace. Kawu Tanko yana zaune a kan wata tsohuwar taya, yana ɓare gyaɗa.

"Kawu, mene ne haka? Ba ta ko motsi."

"Ai ba za ta motsa ba. Sitatarta ta ƙone tun shekarar da mahaifinka ya saye ta. Ya cire ya jefar, bai sake sa wata ba."

"Shekara talatin ba sitata? To da me yake tayar da ita?"

Tsohon ya watsa gyaɗa a baki, ya miƙa wuya ya dubi alhazan nan huɗu da ke cunkushe a baya cikin shadda.

"Da irin waɗanda ka ɗauko. Ce musu su naɗe riguna."