Rasuwar Dattijuwa a Hannun Dillalin da Bai Kunna Mata Fanka Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu take tafasa kamar yadda lagireton marigayiyar ya tafasa, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa, maƙwabta, tsofaffin abokan aiki da duk wanda ya taɓa sa hannu ya tura ta da safe, rasuwar motarmu, wadda kowa ya sani da Dattijuwa. Ta cika ranar Asabar da hantsi, bayan shekara ashirin da shida a hannuna, a harabar wani kamfanin sayar da motoci, a hannun mutumin da bai san darajarta ba. Ba zan faɗi sunan kamfanin ba, domin ƙanin matata lauya ne kuma ya ja mini kunne. Amma wanda ya karanta sanarwar nan har ƙarshe ba zai sha wahalar gane ƙofarsu ba.

Marigayiyar mai haƙuri ce, ba ta da gaggawa, ba ta kuma son a yi mata. Kowace safiya sai ta yi gyaran murya sau biyu, kir-kir-kir, kir-kir-kir, a na uku ta kama, ɓurum, gidan maƙwabta su san gari ya waye. Ta ɗauki siminti, ta ɗauki firij, ta ɗauki katifun yara zuwa makarantar kwana, ta ɗauki surukata da kayanta da ƙorafinta har sau ba adadi, ba ta taɓa cewa uffan ba. Sau biyu kacal ta tsaya mini a hanya, kuma duka biyun sai da ta lallaɓa ta kawo mu bakin layinmu. A kujerarta ta baya aka kawo Auta gida daga asibiti, tana da kwana biyu a duniya, uwarta na riƙe da ita tana yi mini faɗa a kan ramukan titi kamar ni na haƙa su.

Ba za mu ɓoye cewa tana da lalura ba. Shekara goma sha takwas da suka wuce, abin da ke tayar da fankar injin da kansa ya mutu, allurar da ke nuna zafi kuma ta kafe a tsakiya, ko injin na ci da wuta haka za ta nuna maka lafiya lau. Bakanikenmu, wanda ya san cikinta fiye da yadda likita ya san nawa, ya ja waya ya sa mata wani ɗan makunni a ƙarƙashin rediyo. Ka tayar da ita, ka miƙa yatsa ka danna, fanka ta ce firrr, shi ke nan, ku je duk inda kuke so. Wannan kaɗai ta roƙa a wurin 'yan Adam. Tun Auta na aji biyu ta mayar da dannawar aikinta, har kuka take yi idan wani ya riga ta. Yarinya 'yar shekara bakwai ta riƙe wannan amana ba ta taɓa mantawa ba, ina so a tuna da haka idan an zo kan ƙato mai laktaye.

Yanzu sai bayanin ajali, kuma zan fara da laifina don kada a ce na yi son kai.

Auta ta gama karatu, ta sami aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a can ɗaya gefen gari, za ta fara ranar Litinin mai zuwa. A Dattijuwa ta koyi tuƙi, da ita ta ci jarrabawar lasisi, ni kuma na yi mata alkawari a gaban uwarta cewa ranar da za ta fara aiki, da kanta za ta tuƙa ta, ta zama tata. Har sabuwar rigar sitiyari ta saya, ta ajiye a ɗakinta. Saura ni in nemi abin hawa. A nan ne shaiɗan ya raɗa mini cewa mutumin da ya yi shekara ashirin da shida ana wuce shi a titi, har da masu keke a gangara, ya cancanci ya wuce wani ko sau ɗaya kafin ya bar duniya. Uwargida ta ce duk wanda ya kai shekaruna yana neman motar da sai ya durƙusa kafin ya shiga, gwiwarsa ce za ta ba shi amsa. Ban ji ba. Da na ji, da yau ba na rubuta wannan.

Na isa kamfanin na ajiye Dattijuwa a inuwa. Ciki sanyi kamar firij, ƙasa na ƙyalli har kana ganin furfurarka. Dillalin ya taso da jan laktaye da takalmi mai tsini, turarensa ya riga shi isowa. Na nuna jar motar da ke tsakiyar ɗakin, mai ƙofa biyu, wadda cikinta ya kusa taɓa ƙasa, na ce ina so in gwada kafin mu yi magana. Ya ce ƙa'idarsu ita ce mai gwaji ya bar makullin motarsa a kan tebur har ya dawo. Na ajiye. Na gaya masa motar da na zo da ita ba ta sayarwa ba ce, ba ta musaya ba ce, ta 'yata ce, kada a taɓa. Na ce idan ya zama dole a matsar da ita, akwai makunni a ƙarƙashin rediyo, a danna kafin komai. Sau uku na faɗa, har da nuni da yatsa. Idonsa na kan wayarsa, bakinsa na cewa ba damuwa, Yallabai. Ya haɗa ni da wani abokin aikinsa muka fita.

Zan faɗi gaskiya ko da za ta ƙona ni: jar motar nan ta yi daɗi. Na ɗan taɓa totur da babban yatsa, kujera ta riƙe mini baya, itatuwan bakin titi suka zama layi ɗaya. Na wuce babbar mota, na wuce motar wani mai gilashi baƙi, na ji kaina ina dariya irin wadda rabona da ita tun ina saurayi. Kwana kuwa tana shan ta kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Da muka zagayo kusa da kamfanin, abokin tafiyata ya tambaya ko ya isa. Na ce a'a, mu ƙara zagaye ɗaya. Wannan zagayen na biyu shi ne zai bi ni har kabari, domin da na shiga a na farko, da na same ta da rai.

Abin da ya faru a bayana, mai facin taya da ke tsallaken titi ne ya gani da idonsa, kuma ya ce a shirye yake ya maimaita a gaban kowa. Ashe al'adarsu ce, duk wanda ya bar makulli sai sun fitar da motarsa sun auna ta, don kafin ya zauna sun riga sun san abin da za su taya idan sun lallashe shi ya yi musaya. Ko ƙurarmu ba ta kwanta ba dillalin ya shiga Dattijuwa. Bai jira ta gama gyaran murya ba. Ya fizge ta ya hau titin gefe, ya riƙa taka ta kamar yadda yake taka jajayen motocinsu, ya je ya dawo har sau huɗu, tsohuwa tana kuka, allura tana nuna masa lafiya lau. Ya dawo ya tsayar da ita a tsakiyar rana, bai kashe ba, yana ta ba ta wuta don ya ji muryar injin. Makunnin yana nan, tazarar ɗan yatsa daga gwiwarsa. Da tururi ya fara fita ta gaba, sai ya buɗe bonet, ya jawo tiyon da suke wanke mota da shi, ya sakar wa injin da ya yi jajir ruwan sanyi. Mai faci ya ce daga tsallaken titi ya ji maganarta ta ƙarshe: ƙwas. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Na dawo da sauran dariya a bakina, ƙaurin ya tare ni tun daga ƙofa. Tana tsaye baki buɗe, ruwa na ɗiga a ƙarƙashinta. Dillalin ya gyara laktayensa ya dube ni, ko kunya babu.

"Ai Yallabai godiya ya kamata ka yi mana. Gara da ta mutu a nan, da a hanya ta yi maka fa?"

Na tambaye shi makunni. Ya ce wane makunni, shi ba wanda ya yi masa maganar makunni. Manajansu ya fito yana murza hannu, ya ce abin bai yi daɗi ba, amma dama kowace mota da kwananta, kuma saboda mutuncina za su yi mini sauƙi a jar motar, su kuma ɗauke mini gawar ba sai na wahala ba. Wato a kashe maka naka, a sayar maka da nasu, ka kuma yi godiya. Na ce jar motar ko kyauta suka ba ni, kaji zan zuba a ciki.

Bakanike ya zo a kan babur. Ya zaro sandar duba baƙin mai, ya ga ya koma kamar shayi da madara, ya leƙa ƙasa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya cire hularsa. Ya ce injin ya tsage har gindi, irinsa kuma an daina kawowa tun kafin a yi wa dillalin nan kaciya. Bayansa Auta ta iso.  Ta buɗe ƙofa ta zauna a kujerar direba, ta murɗa makulli rabi, ta miƙa yatsa ƙarƙashin rediyo ba tare da ta duba ba. Fanka ta ce firrr, lafiyarta ƙalau, tana hura iska a kan injin da ya riga ya mutu. Nan ne na juya baya, don ban saba yin hawaye a gaban 'ya'yana ba.

Marigayiyar ta bar ni, mai laifin zagaye na biyu. Ta bar uwargida, wadda tun ranar ba ta ce ai na gaya maka ba, kuma shirun ya fi maganar ciwo. Ta bar Auta da sabuwar rigar sitiyari a cikin leda. Ta bar bakanike, da safayar taya wadda ba ta taɓa ganin rana mai kyau ba, da jek, da wani tsohon kaset da ya maƙale a rediyo tun shekarar da aka sa makunnin. Ta kuma bar batir da fanka, dukansu cikin ƙoshin lafiya, kuma za su yi mana aiki.

Masu zuwa gaisuwa suna ta cewa in yi haƙuri, in bar wa Allah. Na bar masa, amma na haɗa da bayani dalla-dalla. Tsakanina da mai jan laktaye, Allah ya isa. Ina roƙon duk wanda ya shigo wurinsa ya gwada mota ya ji daɗinta, ya yi zagaye biyu, ya ce zai yi shawara da iyali, kada ya ƙara ganinsa. Ina roƙon na'urar sanyin motarsa ta mutu a tsakiyar cunkoso da azahar, gilashin kuma ya ƙi sauka, ya ji abin da ake ji idan zafi ya yi yawa ba wanda ya kunna maka fanka. Ina roƙon ranar da zai yi wa wani bayani mai muhimmanci, sau uku, har da nuni da yatsa, a ce masa ba damuwa ana kallon waya. Ban roƙa masa mutuwa ba. Ina so ya yi tsawon rai.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Motar janwe ta riga ta ɗauko gawar, an kuma shimfiɗe ta a filin mai faci, daidai tsallaken ƙofar da masu gwajin mota suke fitowa. Mai faci ya ba da wurin da zuciya ɗaya, domin shekara biyar ke nan suna watsa masa ruwan kwata ba wanda ya taɓa ce masa sannu. Ƙanin matata ya duba, ya ce ba dokar da ta hana mutum zama kusa da motarsa. Za a bar bonet a buɗe. Za a karɓi gaisuwa kullum daga lokacin da kamfanin ya buɗe har ya tashi. Duk sa'ad da wani ya tsaya a ƙofar nan zai shiga, za a danna makunni, fanka ta yi kuka, wanda ya tambayi dalili kuma za a ba shi kujera da labari tun daga farko. Jiya da muka fara zaman, mutum huɗu suka tambaya, uku a cikinsu daga nan suka juya.

Ba mu nemi mota ba, ba mu nemi sauƙin farashi ba. Za a rufe zaman makoki ranar da dillalin ya tsallako titi da takalminsa mai tsini, ya tsaya a gaban Auta, ya ce da bakinsa an gaya masa maganar makunni, shi ne bai saurara ba. Ranar nan za a cire makunnin a ba ta, a miƙa sauran ga 'yan gwangwan cikin mutunci. Idan bai zo ba, ni ɗan fansho ne, ba inda za ni.

Mai zuwa ya zo da kujerarsa, makullin motarsa kuma ya bar shi a aljihu. Ranar Litinin kaɗai za a makara da fara zaman, sai ƙarfe tara, domin zan raka Auta bakin titi da ƙafa, in tsaya tare da ita har ta sami motar haya.