Minsharin Wakilin Ango

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka ɗaura auren Modu, ɗan yayana, ba. Ko na so in manta ma, dangi ba za su bari ba.

Ni da dalbejiya ba ma shiri. Da zarar bazara ta kama ta fara fure, shi ke nan, hancina ya zama famfo, idanuna kamar an watsa barkono, atishawa kuwa sai na jera ashirin kafin in samu bakin cewa alhamdu lillahi. Kuma a Maiduguri nake zaune, garin da in ka kauce wa dalbejiya ɗaya sai ka yi karo da goma. (Wanda ya shuka su Allah ya saka masa, amma bai yi shawara da ni ba.)

Likita ya rubuta mini ƙwaya ɗaya a rana, wadda ba ta sa barci, ya ce in riƙa sa takunkumi in zan fita, in wanke fuska in na dawo. Ranar auren na wayi gari ƙwayar ta ƙare, ga shi ni ne wakilin ango. Na birkita durowa na samo wani tsohon magani, irin ƙananan rawayan nan. Na haɗiye biyu. Na yi atishawa, na ƙara ɗaya.

"Alhaji, wannan fa kwantar da mutum yake yi," in ji matata Falmata. "Da takunkuminka ka sa."

"A kan wannan babbar riga da hular zanna? Aure zan karɓo ko allurar rigakafi zan yi wa unguwa?"

Daga Bulumkutu zuwa Abbaganaram hanci ya bushe ƙayau, ina ta yabon dabarata a cikin keke napep. Muka isa ƙofar gidan su amarya. Ina aka shimfiɗa tabarmi? Gindin dalbejiya mana! Aka zaunar da ni kusa da liman, na jingina da itacen, aka miƙo mini makirufo. Na nema wa Modu aure da bakina, tiryan-tiryan, har wasu na gyaɗa kai.

Sai waliyyin amarya, Ba Goni, dattijon da ko a ranar salla ba a ganin haƙorinsa, ya ce kafin ya bayar zai ɗan yi nasiha. Ya faro daga kakannin yarinya. Ga iska, ga ƙamshin turaren wuta, ga murya a hankali kamar ana shafa mini kai. Na ce bari in lumshe ido don in fahimta sosai.

Sauran labarin ba ni aka yi. Wai Ba Goni ya ce ya bayar. Liman ya juyo: "Wakilin ango, ka karɓa masa?" Shiru. Ya maimaita. Shiru. A karo na uku amsa ta fito ta lasifika: minshari. Modu ya rantse matan da ke cikin gida sun ɗauka janareta aka tayar.

Yayana ya mintsine ni a cinya. Na farka firgigit, na ga kowa tsit, na ɗauka an gama. Na shafa fatiha ni kaɗai, na miƙe ina laluben takalmi. "To, Allah ya ba da zaman lafiya!"

Ba Goni ya ɗaga hannu. "Malam, a dakata. In gidan su yaron ba su shirya ba, mu 'yarmu ba ta yi mana yawa ba."

Na dubi Modu. Yaro ya jiƙe sharkaf da gumi, yana kallona kamar na ƙona masa gida. Nan na zube gaban dattijo, da gemuna da tumbina, ina bayanin fure da hanci da ƙwaya uku.

"Ba Goni, lalura ce," in ji liman. "Dubi idonsa."

Ba Goni ya dube ni ya daɗe. "To, ya karɓa a tsaye. Kar ya sake komawa barci."

A tsaye na karɓa, sau uku, da muryar da ta isa Maiduguri gaba ɗaya.

Yanzu tun kafin dalbejiya ta yi tunanin fure nake tanadar maganina, in likita ya ce ɗaya to ɗaya ce, kuma ba na haɗiyar abin da na tsinta a durowa. Sai dai hankalin ya zo a makare. Da auren ƙanin Modu ya taso bana, dangi suka yi zama na musamman suka zaɓa mini aikin da ya dace da darajata: rabon goro.