Rasuwar Zinariya, Wadda Aka Hana Gyatsa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da haushin da har yau bai sauka ba, Malam Maliki na garin Babban Mutum yana sanar da 'yan'uwa, abokan arziki da 'yan kamasho rasuwar gingimarinsa, Zinariya. Ta cika ranar Lahadi a gefen titi tsakanin Sandamu da Daura, da shanun mutane a bayanta.

Marigayiyar ta girmi duk 'ya'yan Malam. Ta yi dakon gero, ta yi na taki, ta sha lodin da ya fi ƙarfinta, ba ta taɓa kai ƙara ba. Da sassafe takan yi "kirr, kirr, kuf" kafin ta tashi. Abu ɗaya ta roƙa a duniya: in an sauya mata ruwan lagireto, a ɗora hancinta kan tudu, a bar murfin a buɗe, a tayar da ita, a riƙa matsa tiyo har iskar da ta maƙale ta fito. Sai an ji "gulub, gulub", gyatsa irin ta jariri, sannan a ƙara ruwa a rufe.

Direbanta Sharfaddeen, wanda Malam ya ba mukulli ya kuma yi wa alkawarin 'yarsa Siddiƙa, ya san haka sarai. An faɗa masa da baki, an nuna masa da hannu. Amma ran nan sauri yake ya dawo ya karɓi ɗinkin angwanci wurin tela. Ya ɗura ruwa, ya ɗaure murfi, ya taka.

Jinyar ba ta yi tsawo ba. Iska ta tare ruwa ta hana shi zagayawa, allurar zafi ta hau, marigayiyar ta yi ta "fiii, fiii", shi kuwa ya ƙara muryar rediyo. Kan inji ya tsage, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma kamar kunu. Bakanike ya leƙa, ya goge hannu.

Ta rasu ta bar tayoyi masu sanƙo, jak, yagaggen tamfol, batirin aro, da direba ɗaya wanda ko ƙwarzane bai yi ba.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, daidai lokacin da aka sa na ɗaurin auren, wanda Malam ya fasa. Mutumin da ya kasa jiran mota ta yi gyatsa ba zai riƙe masa 'ya ba. Rumfa, kujeru da goron biki duk za su yi aikin zaman makoki. Wanda ya ji kukan Siddiƙa daga cikin gida, ya ɗauka na Zinariya ne.

Za a tura gawar zuwa wurin 'yan gwangwan. Ana gayyatar Sharfaddeen ya zo cikin sabon ɗinkinsa, an ware masa wuri a bayan motar, cikin masu turi.