Matokarin da Usta Fahim Ya Ɓoye

"Lafiya lau nake, Daktora, sai dai ganinki. Wa ya bar ƙofar gidan mahaukata a buɗe?"

"Wanda ya manta da kai a duniya, Giddu. An ce ka yi sabon saye, na zo in ga ko yatsunka na nan."

Usta Fahim, tsohon kafinta, ya ɗaga hannuwa ya baza mata. Suna nan yadda ta bar su, har da guntun da zarton hannu ya taɓa gutsurewa tun ba a haifi ubanta ba.

Basant jikarsa ce, Giddu take kiransa, wato kaka, tana aiki a wani kantin magani a Sabuwar Dumyat ta ƙasar Masar. Duk Alhamis bayan la'asar takan shigo ƙaramar bas ta zo shagonsa, kuma aiki ɗaya ke kawo ta: riƙe masa bakin katako. Firam na madubi da na hoto yake yi, sandunansu kuwa dogaye ne, in yana yanka wannan gefe dole wani ya tallabe wancan. Da can matarsa Atiyat ce ke riƙewa, tana zaune a kujerar bakin ƙofa tana ba shi labarin unguwa, kuma duk kusurwar da ya haɗa sai ta leƙa ta ce, "Ta karkace." Ba ta taɓa karkacewa ba. Da ta rasu, Basant ta gaji riƙon. Sauran kwanakin kuwa shi kaɗai yake wuni, a lungun da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar guduma, yanzu rabin ƙofofin a sauke suke.

Ɗansa Midhat, uban Basant, shi ya dame shi a waya daga Kuwait sai ya sayi zarton lantarki mai yanka kusurwa. Ya saya. A cikin kwalin sai ga wani matokari na ƙarfe mai ƙafa uku, wanda ke tallabe dogon katako. Ya gwada shi kaɗai, yanka ya fita tas, kusurwa ta haɗe ko gashi ba zai shiga ba. Ya waiga wajen kujera, ba kowa. A nan ya gane abin da ya sayo wa kansa: in Basant ta ga ƙarfen nan, ba ta da sauran dalilin hawo mota. Sai ya tura shi bayan kujerar Atiyat, ya lulluɓe da tsohon bargo. Tsoho da furfura, yana ɓoyon kaya kamar wanda ya saci alewa.

Basant ta zagaya injin tana taɓe baki.

"Wannan ne? Haƙoransa sun fi naka yawa."

"Nawa suna nan, a kofi suke suna hutawa."

"Na san mai kantin ya cuce ka. Da ganin fuskarka ya ce ga abincinsa ya zo."

"Ni? Ciniki na yi har sai da ya kawo min shayi, shayin ya huce, ya kawo wani. Daga ƙarshe hawaye yake yi yana cewa in ɗauka in tafi don girman Allah."

"Warin gam ɗin rigarka ne ya kore shi."

"Ke 'yar nan, ki san da wa kike magana. Ni na yi wa Fir'auna gado."

"Shi ya sa bai samu barci ba har ya je ya faɗa teku."

"Ba laifin gadon ba ne, matashin ne ya yi tauri. Kakarki ce ta ɗinka."

Ya faɗa da dariya, amma dariyar ba ta kai ƙarshe ba. Ya sunkuya yana hure garin katako daga kan injin, ko da yake babu komai a wurin.

Basant ta ɗauko tabarau na kare ido ta ƙwama masa. "Sa wannan. Yauwa. Ka koma kamar kifin da aka rasa mai saye."

"Kifin ma ya fi ki samun masu tambaya. Kama can."

Ta kama bakin sandar. Ya juya kan injin zuwa kusurwa, ya danne katakon, ya janye yatsunsa nesa, ya kunna. Ƙara ta cika lungun har tattabarun kan rufi suka tashi. Ya sauke zarton a hankali, ya jira ya tsaya cak kafin ya ɗaga.

"Shi ke nan?" ta ce. "Aikin da kake wuni kana nishi a kai? Ashe duk shekarun nan zamanka kake yi."

"Hannu ne, yarinya. Ko jaki aka ba ni sai ya yi karatu."

"To ai shi ke nan. Dama mai kantinmu yana so in riƙa tsayawa aiki ranar Alhamis. Baba ma ya ce in injin ya zo ba ka bukatar kowa. Na ce bari dai in gani da idona."

Usta Fahim ya cire tabaran yana gogewa da gefen riga.

"Ubanki kifi ya sani a faranti, me ya sani a katako? Injin nan ba ya aiki sai da mai riƙo."

"A'a? To mene ne wannan a jikin kwalin?"

Ya manta da kwalin! Ga shi can a jingine, da hoton wani ƙato yana murmushi, katakonsa a kan matokari, ba kowa kusa da shi.

"Wannan na ƙasar waje ne. Namu na Masar ba a sako musu."

"An cuce ka ke nan. Tashi mu mayar."

"Kantin ya ƙone."

"Yaushe?"

"Ina fitowa."

"Allah ya shirye ka, Giddu. Bari in zauna in huta da ƙaryarka."

Ta jawo kujerar Atiyat. Ƙafar kujerar ta kama bargon, ƙarfe ya zube a ƙasa da ƙara. Basant ta ɗago shi. Sabo fil, amma ga garin katako a kansa, alamar an riga an yi aiki da shi.

Usta Fahim ya buɗe baki ya laluba wata ƙaryar, bai samu ko ɗaya ba. Kunya ta kama shi, tsoro kuma ya fi kunyar. Ba zai iya ce wa yarinya ta bar aikinta ta zo ta zauna da shi ba, bai saba roƙo ba. Ya tsaya yana kallon guntun yatsansa.

Ita kuwa ta dubi ƙarfen, ta dubi kujerar. Sannan idonta ya kai kan benci, inda kofunan shayi biyu suke a kife, an wanke su tun kafin ta zo, ga ƙunshin mushabbak, soyayyen kayan zaƙi, a gefe, zuma ta jiƙa takardar. Shi da likita ya hana shan zaƙi.

Ta kafa matokarin a ƙasa, ta girgiza shi, ta rufe ido ɗaya tana aunawa.

"Kai, lallai an yi maka sakiyar... a'a, bari in faɗa maka gaskiya, Giddu, sun raina ka. Wannan ai ba na katako ba ne."

"Na mene ne?"

"Na rataye riga ne. Ka ga tsayinsa? Dama farar rigata ta aiki kullum a ƙasa take kwana. Na ɗauka."

"Ki ɗauka? Kayana?"

"Ladan riƙon da nake yi maka kyauta. Ka biya bashinka da ƙarfe ɗaya, ka gode Allah ban ɗauki injin ba."

"In ubanki ya tambaya fa?"

"Ka ce ɓarauniya ta shigo da rana tsaka."

"Zai yarda. Ya san irin abin da ya haifa." Ya yi kamar yana neman wani abu a aljihu. "Mai kantin naku kuma?"

"Zan ce masa ina da majinyaci ranar Alhamis. Tsoho ne, ciwonsa rashin kunya, ba ya jin magani."

Ta nannaɗe matokarin da bargon ta ajiye a kan jakarta, ta zauna a kujerar, ta miƙa hannu. "Kawo ɗaya sandar, kafin bas ta ƙare."

Ya ɗora, ta tallabe. Ya yanka, ya jira zarton ya tsaya. Ya haɗa bakin sandunan biyu, suka manne kamar a haka aka halicce su. Ya ɗaga mata saitin hasken ƙofa.

Basant ta leƙa, ta daɗe tana kallo, sannan ta yatsine fuska.

"Ta karkace."

Usta Fahim ya fashe da dariya, irin wadda lungun ya daɗe bai ji ba, har sai da ya dafa benci yana share ido da bayan hannu.

"Kin ci, Daktora," ya ce, ya tura mata ƙunshin mushabbak ɗin gaba ɗaya. "Ɗora mana shayi."