Yadda Ake Zama Likitan Ɓawon Lemo Kafin Juma'a

Idan uban yarinyar da kake nema ya ce ka zo ranar Juma'a ka faɗa masa sana'arka, kai kuwa sana'arka ɗumama benci a Gwallaga, kwantar da hankalinka. Matakan nan ba su taɓa kunyata kowa ba sai Ɗanlarai, shi ma laifinsa ne.

1. Samo kalma mai nauyi

Ga ta kyauta: filabanon. Sinadari ne da ke cikin lemo da lemun tsami da tanjarin, ya fi taruwa a farin ɓawon nan na ciki, masana kuma na binciken amfaninsa ga jijiyoyin jini. Iya abin da Ɗanlarai ya ji ke nan a rediyon mai shayi kafin a murɗa tasha zuwa ƙwallo. Kai ma ya ishe ka. Wanda ya saurari shiri har ƙarshe yakan koyi cewa "wataƙila", kalmar da ke zubar da girman likita.

2. Kayan aiki

Farar riga, da biro uku a aljihu. Ba dole su yi rubutu ba.

3. Koyi fere lemo

Dole ka iya cire koren ka bar farin. Kwana uku Ɗanlarai ya yi gindin baron wani mai lemo a Ƙofar Dumi, har ya iya zare ɓawo ya sauko kamar igiya bai tsinke ba. Yi hattara a nan, abin yana kama da aiki.

4. Raina jama'a

Duk wanda ka gani ya tsotse lemo ya yar, girgiza kai ka ce, "Ka sha ruwa, ka jefar da maganin." Da Ɗanlarai ya faɗa wa A'i mai ƙosai haka, cewa ta yi, "Ai akuyata ke cinyewa, likita. Ashe shi ya sa ba ta taɓa kwanciya asibiti ba." Kada ka yi dariya. Zaro biro ka yi kamar kana rubutawa. Sunan wannan bincike.

5. Leƙa zaure kafin ka buɗe baki

A nan Ɗanlarai ya yi sakaci. Ranar Juma'a ya durƙusa gaban Malam Mika'ilu, mahaifin Maimuna da yake nema, ya fere masa lemo, ya ce, "Baba, in kana cin farin nan, ka huta da ƙwayar hawan jini."

Bai lura da matar da ke gefe tana naɗe abin awon jini ba. Sista Felicia ce, nas, maƙwabciyar Malam.

"Likita, wace makaranta ka gama?"

"Na bincike, Sista."

"Rubuta mini filabanon ɗin."

Biro na farko ya ƙi. Na biyu ya ƙi. Na uku ba shi da ko ciki.

"Baba, ka sha lemo, ka ci farin in ka ga dama," in ji ta. "Amma ran da ka ajiye ƙwayarka saboda wannan yaron, ni da kaina zan ɗaure shi da igiyar awon nan."

6. In asiri ya tonu, gudu

Ɗanlarai bai gudu ba. Malam ya ɗaga ɓawon da ke kan tabarma, ya miƙe tsawon kamu guda bai tsinke ba.

"Ɗan nan, kai ka fere wannan?"

"Ni ne, Baba."

"To ga sana'a a hannunka kana yawo da biron da ba ya rubutu? Akwai baro a bayan gida. Ka tura shi wata uku, sannan ka turo manyanka."

Yanzu haka yana bakin titi da baron lemo tun bayan asuba, rigar ta koma ta goge wuƙa. Akuyar A'i ba ta rabuwa da shi.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba likita ba ne, aji biyu ya bar sakandare. Wanda ya ajiye maganinsa, shi da Sista Felicia. Wanda kuma ya bi matakan nan ya wayi gari da sana'a, da gumi, da ranar aure, kada ya zo benci neman wanda zai ɗora wa laifi. Mun riga mun ba wani wurin zamansa.