Wasiƙar da Ta Biyo ta Holand

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da wayona ya kai ni ya baro, a gaban jama'a, kuma a gaban surukina. Har yau in na tuna sai in ji kamar in cire hula in rufe fuska da ita. Abin haushin kuma, babu wanda zan ɗora wa laifi. Na nema, wallahi na nema, ban samu kowa ba sai ni.

Ni malamin lakkol ne, wato makarantar boko, a Filinge ta ƙasar Kurfai, kuma ni ne magatakardar wani ɗan koperatif, wato ƙungiyar haɗin gwiwa ta manoman hatsi, a wani ƙauye kan hanyar Tabla. Ba don na iya noma aka ba ni ba, don na iya rubutu ne. Shugaban koperatif ɗin, wanda kowa ke kira Perezida, shi ne uban matata Zalika. Shekara tara ina auren ɗiyarsa, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kama sunansa ba, in mun haɗu sai na cire takalmi na durƙusa. Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai.

To, a wani horo da aka yi mana a Yamai na gano wata manhaja ta ɓoye sawu. In ka shiga intanet ta cikinta, shafin da ka je ba zai san daga ina kake ba, sai ya ga kamar daga wata ƙasa ka fito. Mai hankali in ya samu abin ɓuya, shiru zai yi. Ni kuwa fada na kai ta, wato majalisar hirarmu. Kullum da yamma a shagon Hasan tela, inda muke shan shayi, sai in zaro waya in buɗe shafin da ke faɗin inda mutum yake.

"Ku duba nan. Ina nike?"

"Holand!" in ji Hasan, yana riƙe baki. "Kai Mushe, ga ka zaune bisa bencina, ga ka Holand!" (Mushe daga Faransanci ne, haka ake kiran malamin lakkol a wajenmu.)

Sai in kurɓi shayi in ɗaga kai. (Wani lokaci Jamus take nunawa, amma sai in yi ta sabuntawa har ta dawo Holand, don ita ta fi daɗin faɗi.) Ban tsaya nan ba. Na ɗauko tsohuwar na'urata na bar ta a kunne a gida, don mutanen ƙasashen da aka toshe wa intanet su riƙa ratsawa ta layina. Aikin lada ne, har yanzu ban canza ra'ayi ba. Sai dai batirin hasken ranarmu ɗaya ne, kuma ana tsakiyar bazara. Zalika ta ce, "Mutanen da ba ka sani ba suna yawo da batirinmu, mu fanka ta mutu muna gasuwa." Na ce mata 'yancin ɗan Adam ne. Ta ce ita ma ɗiyar Adam ce.

Na saka wa 'yan fada duka manhajar. Kwana biyu kowa ya goge. Hasan ya ce kafin hoto guda ya buɗe ya gama ɗinka wando. Saboda haka duk faɗin wurin, ni kaɗai na rage mai ita, kuma kowa ya san haka, don ni na sanar da su da bakina.

Ana nan sai ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Washegari na je ƙauyen, na leƙa magaza inda muke ajiye irin shuka da wani furoje na Yamai, wato shirin tallafa wa manoma, ya ba mu. Kwanon rufi ya huje, buhunnan gefe sun jiƙe sharkaf, har wari ya fara tashi. In irin nan ya ruɓe, mutane ba su da abin shukawa bana. Makulli kuwa a hannun Perezida yake.

Yaya zan yi? In je in durƙusa in ce, "Baba, magazarka na yoyo"? Bakina ba zai iya ba. Sai na tuna furojen na da shafin koke, inda ake rubutu ba suna. Na ce madalla, yau ranar manhajata ce. Na zauna na rubuta da Faransanci, na faɗi yoyo, na faɗi buhunna. Da a nan na tsaya da sauƙi. Amma daɗin ɓuya ya ɗebe ni, na ƙara da cewa shugaban ya tsufa, ba ya kula da dukiyar jama'a, lokaci ya yi da zai ba masu jini a jika wuri. (Allah ya sani iri bai buƙaci wannan layin ba. Mutumin da ko ido ba na iya haɗawa da shi!) Na tura, na ji ni wani jarumi.

Bayan mako guda sai ga farar mota daga Yamai, da wata Madam mai tabarau. Aka tara membobi a gindin dogon yaro, maza a gaba, mata a baya, surukuwata ma tana ciki. Madam ta ce an kawo koke, ta zaro takarda, ta waiga ta ce, "Ina magatakarda? Zo ka karanta, ka fassara masu da Hausa."

Jama'a, ni na karanta wasiƙata. Ni na fassara ta. Da na iso layin tsufa na so in tsallake, Madam ta ce, "Saura layi guda, Mushe." Na faɗe shi da muryar da ban san ina da ita ba. Wuri ya ɗauki salati. Wani tsoho ya ce Allah wadaran wanda ya rubuta, ni ma na ce amin.

Perezida bai yi fushi ba. Ya tashi ya ce a biyo shi. Ashe tun ranar da na leƙa, da rana ta yi, ya kwashe buhunnan ya shanya irin bisa tabarmi, ya maida su ɗakin kwanansa, shi ya koma kwana a zaure. Ya sayar da ragonsa ya aika a sayo kwano, motar kasuwa zai biyo. Madam ta damƙi irin ta shinshina, ta ce lafiya lau yake.

Aka dawo aka zauna, ta yi dariya ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Dama mun yi zaton shiririta ce, don na'urarmu ta nuna daga Holand aka turo saƙon. Mi ya haɗa Holand da hatsin Kurfai?"

Na sauke ajiyar zuciya. Na tsira. Wallahi na tsira, saura a yi fatiha a watse. Sai Hasan tela, wanda ke da 'yar gona a ƙauyen, kuma ba ya iya barin a raina garinmu, ya miƙe tsaye.

"A'a Madam, kada ki ce haka! Muna da mutum wanda kullum daga Holand yaka hitowa. Ga shi nan, Mushe! Ƙasa ukku saƙonshi ka bi, wagga ta miƙa ma wagga, wagga ta miƙa ma wagga, ba wanda ka sanin mai shi. Mushe, gwada masu!"

Da alfahari ya faɗa, yana murmushi, yana jiran a yaba mini. Sai da ya ga kowa ya juyo yana kallona, sannan murmushin ya fara tsinkewa. Ya ce, "Au." Ya zauna.

Surukuwata ta ja gyale ta rufe fuska. Perezida bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya laluba aljihu, ya ciro makullin magaza, ya aje bisa tabarma a gaban Madam, ya ce, "Gaskiya ta, na tsufa." Aka yi ta ba shi baki, ya ƙi ɗauka. Kun san wa aka miƙa wa? Mai jini a jika. Ran da kwano ya iso ni na hau rufi da guduma, na buge yatsa sau biyu, ba wanda ya ce mini sannu.

Kwana uku Zalika ba ta yi mini magana ba, sai dai ta aje tuwo ta wuce. Ran na huɗu ta tsaya bakin ƙofa ta ce, "Inna ta ce in gaya maka, Baba ya ce tun ran da ruwa ya zuba ya so ka rubuta mashi takarda zuwa Yamai a nemi kwano. Kunya ta hana shi sa suruki aiki, shi ya sa ya saida ragon."

Wannan ta fi taron ciwo. Ina can ina jin nauyinsa ina zagaya duniya, shi yana nan yana jin nauyina yana kwana a zaure.

Manhajar dai ba ta tona ni ba, aikinta ta yi tsaf. Abin da na koya shi ne, mutum ba ya ɓuya a wurin da shi kaɗai ke shiga, balle wanda ya riga ya yi shela. Kuma maganar da ba zan iya karantawa da bakina a gindin dogon yaro ba, na daina rubuta ta. Baba ya amsa gaisuwata bayan wata biyu. Yanzu in ina da magana da shi, Zalika nake gaya wa, ta gaya wa Inna, Inna ta faɗa masa kamar tunaninta ne. Amsa na dawowa kafin la'asar.